Sharifu Direba da Kwanon Rakiya

A hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a yammacin Alexandria ta Amurka akwai wani mutum mai suna Sharifu, wanda ya shekara ashirin da biyar yana kai mutane inda za su, shi kuwa bai taɓa zuwa ko'ina ba. Mutumin Mirya ne, kusa da Damagaram. Can ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Agadas, har ranar da wani abokinsa ya cika musu takardar neman bizar Amurka su biyu ba tare da ya tambaye shi ba. Sunan abokin bai fito ba, na Sharifu ya fito. Ya iso a 1999 da jaka guda, ya fara da tasi mai fenti, da zamani ya juya ya koma ɗaukar fasinja ta waya. Bayan shekara huɗu ya kawo matarsa Rakiya da 'ya'ya biyu, aka haifi autar a nan.

Duk wanda ya taɓa shiga motarsa zai shaida abu biyu. Na farko, ba ya makara. Ya san lokacin da babbar hanyar da ta kewaye Washington za ta cushe kamar yadda manomi ke sanin hadari tun yana gabas. Na biyu, ba ya waiwaye. Madubinsa na ciki a karkace yake, titi yake nunawa, ba fuskar fasinja ba. Yakan ce wanda ya shiga kujerar baya ɗakinsa ya shiga. Saboda haka a bayan Sharifu an yi kuka, an yi minshari, an sake riga, an rabu da masoyi ta waya, an kuma ci abinci iri-iri, har da wanda bai san sunansa ba sai dai warinsa. Shi dai idonsa na kan hanya, bakinsa na ba da labari a hankali, irin labarin da ba ya neman amsa: wace gada ake gyarawa, wace shekara ƙanƙara ta rufe gari kwana uku. In fasinja ya ga dama ya tanka. In bai ga dama ba, hirar takan ci gaba da kanta kamar rediyo.

A gida ma da tsari. In ya dawo da magariba Rakiya takan shimfiɗa masa leda a falo, ta ajiye kwano da ruwa, ta ce, "Malam, ga shi," ta koma kicin. Can take ci da yara a kwano ɗaya, hannu huɗu, daga baya uku, daga baya biyu. Shekara talatin da biyu da aure Sharifu bai taɓa ganin loma ta shiga bakin matarsa ba, bai kuma taɓa ɗaukar wannan abin magana ba. Ubansa ma haka ya rayu har ya koma ga Allah. Mace mai kunya ba ta tauna a gaban miji, ba ta kama sunansa, ba ta kama sunan ɗan fari. Amurka ta koya wa Rakiya shiga jirgin ƙasa da injin wanki da rigar sanyi mai kauri, amma da ta zo ƙofar kicin sai ta tsaya daga waje.

A watan Agusta auta Rumasa'u ta tafi jami'a a Ohio. Daga nan Rakiya ta fara zubewa. Abincin Malam bai canza ba, ko gishiri bai ragu ba, don haka Malam bai ga komai ba, sai wata ranar Janairu da maƙwabta suka kira shi suka ce an tsinci matarsa a sume a cikin lif. Likita ya auna abin da zai auna, ya ɗebi jini, ya haska ciki, bai sami wata cuta ba ban da ciwon sugan da aka sani. Ya ce kilo tara ta zubar, kuma shan maganin suga da ciki wayam ne ya kayar da ita. Ya tambaye ta ko tana cin abinci, ta ce tana ci. Ya tambayi Sharifu, shi ma ya ce tana ci mana, da ƙarfin gwiwa irin na shaidan da ba ya wurin. Likita ya ba su mako shida. In sikeli ya sake sauka, sai kwanciya a asibiti.

Rakiya ba ta tsoron mutuwa kamar yadda take tsoron rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Tun daga mota take roƙo, "Malam, kada ka bari su kwantar da ni."

'Yarsu ta biyu, Mubina, malamar jinya ce a Largo. Tana da shekara bakwai aka kawo ta, Hausarta kuwa na nan da ranta, sai dai takan ɗingisa in an zo gangara. Ita ce ta zo da magani ranar Lahadi, a cikin ambulan.

"Baba, tikitin jirgin ruwa ne. Kai da Inna, kwana bakwai, daga Baltimore zuwa Bahamas."

"Wa muke da shi a Bahamas?"

"Ba kowa."

"To me za mu je yi?"

"Ba komai. Shi ne hutun."

"A ɗauke ka a Baltimore, a zagaya da kai, a sauke ka a Baltimore. Mu a sana'armu wannan ɓatan hanya ake ce masa."

"Baba, kai da bakinka ka ce duk wanda ka kai tashar nan yakan dawo da ƙiba."

Nan ta kama shi. Ya kai ɗaruruwan mutane tashar, ya kuma ɗauko su bayan mako guda, kuma bai taɓa buƙatar waiwaye ba kafin ya san bayan motarsa ya ƙara sauka.

"Abinci ne dare da rana, iri ɗari," in ji Mubina. "Ba girki, ba wanke-wanke. Ta gaji ne kawai. Aikinka ɗaya, Baba. Inna ta ci."

Mubina ce ta kai su tasha, Sharifu a kujerar baya, yana taka birkin da babu shi tun daga Alexandria har Baltimore. Suka yi awa biyu a layi, aka ɗauke musu hoto sau uku, aka ba su kati a maimakon makulli. Jirgin kuwa benensu ne aka kwantar a kan ruwa aka ƙara masa makaɗa. Ɗakin bai fi cikin motar bas ba, amma da 'yar baranda mai kujera biyu da ɗan tebur. A kan gado an naɗe tawul an yi giwa da shi. Sharifu ya daɗe yana kallon giwar, ya yaba aikin hannu, sannan ya warware ta don yana son goge fuska.

Akwai abubuwan da suka ba shi wahala, kuma don adalci sai a faɗe su. Akwai wani saurayi a lasifika mai murna kamar kullum aka yi masa haihuwa, wanda ba ya barin mutum ya gama tunani guda. Akwai tafkin wanka a sama, inda mutane masu jikoki suke kwance cikin ƙyallen da bai isa goge gilashin mota ba. Sharifu ya kiyaye idonsa har ya haddace zanen kafet na kowane hawa. Akwai alƙibla, wadda takan kasance a wajen baranda lokacin kabbara ta koma wajen banɗaki kafin sallama. Ya riga ya tambayi limaminsu, wanda ya ce ya fuskanta iyakar iyawarsa, sauran yana wuyan matuƙi. Sai kuma lif, da yake kira asansar har yau, wanda kullum yakan zo a cike da mutanen da ke riƙe da faranti.

Amma teku ta shiga ransa. Mutumin da ya taso inda ake bin layin famfo tun asuba, ga shi tsaye yana kallon ruwa har inda ido ya ƙare. Ya ce wa Rakiya, "Kin ga hikimar Allah. Ya tara shi wuri guda, ya zuba gishiri don kada a yi rigima a kai." Ga shi kuma karon farko a rayuwarsa ana tafiya wani ne ke tuƙi, ba fitilar hanya, ba mai hon a baya.

Ƙarfe shida na yamma ake cin abinci a babban zaure, kowa da teburinsa. An haɗa su da wasu mata da miji, baƙaƙe, masu furfura. Aka gaisa da Turanci, kowa ya kama kansa, har Rakiya ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malam, cokula nawa ne mutum ɗaya zai ci da su?"

Mijin ya ajiye tabarau. "Hajiya, ni ma shekara talatin ina tambaya, ba wanda ya gaya mini."

Katung ke nan, injiniyan ruwa da ya yi ritaya, da matarsa Constance, malamar jinya. 'Yan kudancin Kaduna ne, a garin Clinton suke zaune, wannan kuma tafiyarsu ta biyar. Da Katung ya ji daga ina Sharifu yake sai ya gyara zama.

"Ni a Kano na girma, don haka ka shirya. Badamagare a kan teku. Ka zo da jarka dai ko?"

"Na zo da ita," in ji Sharifu. "Da na ga Bakano a jirgin sai na ɓoye, kada ya saye ruwan ya sayar mini."

Aka yi dariya, aka kawo kifi. Mai hidimar teburin, wani ɗan Filifin da ake kira Raymond, ya shimfiɗa wa Rakiya ƙyalle a cinya da ladabi, ita kuwa ta sandare kamar an ɗora mata maciji. Ta raba kifin gida huɗu, ta sake wa kowane yanki wuri a faranti, ta sha shayi. Raymond ya tambaya ko kifin bai yi ba, ya kawo kaza. Kazar ma aka sake mata wuri.

Sharifu bai yi mamaki ba. Ga miji, ga baƙon namiji, ga fitilu, ina za ta iya. Washegari da rana ya hau wurin ɗebi-da-kanka, ya tsallake duk abin da ke da alamar alade, ya cika faranti biyu da abin da ya san asalinsa, ya kai mata ɗaki. Ya ce zai je ya sha iska. Ya zagaya jirgin sau takwas, ya ba ta awa guda cur, kamar yadda duk mai mutunci zai yi.

"Kin ci?"

"Na ci, Malam. An gode."

An rufe farantan da ƙyalle, tsaf. Ya ɗauka zai fitar. Hannun da ya shekara yana loda buhuna ba ya buƙatar sikeli. Yadda ya kawo su haka suke, in ban da kusurwar burodi.

Rana ta uku iska ta taso. Jirgin ya riƙa tangaɗi, aka rataye jakunkunan takarda na amai a kan matakala, saurayin lasifika ma ya rage murna. Sharifu, wanda hanyar Agadas ba ta taɓa juya masa ciki ba, ya kwanta yana kiran sunayen Allah. Rakiya kuwa ko gezau. Ita ta yini tana jiƙa tawul tana ɗora masa a goshi, tana ce masa sannu. Ranar ba wanda ya ci komai a ɗakin, kuma ba a iya ɗora laifin a kan kowa.

Rana ta huɗu aka wayi gari lafiya, aka iso Nassau, babban birnin Bahamas. Sharifu ya fito tun da safe don ya ga yadda za a ajiye abu mai girman unguwa a tsakanin wasu jiragen biyu. Matuƙin ya juya shi a hankali, ya shiga da baya, ya manna shi da gaɓa ba ko ƙwas. Sharifu ya juya ya ce wa Katung, "Ya iya." A shekara ashirin da biyar mutum biyu ne kawai suka samu wannan shaida daga bakinsa.

Mazan suka sauka ganin gari, matan suka ce rana ta yi yawa. Sharifu ya duba malafunan kaba a kasuwa, ya ce na Mirya sun fi saƙa, ya saya wa Mubina guda duk da haka. Da suka dawo wajen azahar ba kowa a ɗaki. Ya hau wurin abinci yana dubawa, can ƙurya bayan wani ginshiƙi ya hango su. Sun cire takalma. Faranti ɗaya ne a tsakaninsu, shinkafa da kifi, an barbaɗa wani jan abu daga kwalbar magani. Constance na magana, Rakiya na dariya, hannunta na dama na tafiya daga faranti zuwa baki, yana dawowa.

Ya kawar da kai da sauri kamar wanda ya leƙa bayan gida bisa kuskure. Ya sauka ta matakala, hawa tara, bai ma tuna da asansar ba. Ransa fari ƙal. Ya gano matsalar, kuma matsalar ƙarama ce: abincin Turawa ba yaji.

Da yamma ya tari Constance. "Madam, alfarma nake nema. Wannan yajin naki."

"Ka ganmu ke nan."

"Ban ga komai ba. Kwalba kawai na gani."

Ta ba shi. Rana ta biyar ya ɗebo shinkafar nan da kifin nan, ya barbaɗa yaji yadda ya ga an yi, ya kai ɗaki, ya fita shan iska. Wannan karon sau goma ya zagaya, don a ci a natse. Da ya dawo an ce masa an ci, an gode. Ya ɗaga farantin.

A wurin shan shayi ya sami Constance ita kaɗai, Katung ya tafi wasan kacici-kacici. Ya ajiye mata kwalbar a kan tebur.

"Bai yi ba?"

"Ba ta taɓa ba."

"Kana ina lokacin?"

"Na fita. Na ba ta wuri."

Constance ta dube shi irin duban da take yi wa sababbin likitoci. "Malam Sharifu, zauna. Da ka ba ta wuri, wa ka bar mata a wurin?"

Bai gane ba, kuma bai yi kamar ya gane ba.

"Jiya ta gaya mini. A gidansu su tara ne a akushi ɗaya. Da ta yi aure da ƙannenka mata take ci, daga nan sai 'ya'yanta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa sa hannu a kwano ita kaɗai ba. Ta ce in ta zauna ita ɗaya abinci auduga yake zama a bakinta, ba ya wucewa. Tun ranar da autarku ta tafi shayi take sha da ɗan burodi."

"Wata bakwai."

"Wata bakwai."

"Me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa? Ta ce maka, Malam zo mu ci? Anya ka san matarka?"

Sharifu ya juya kofin da ke gabansa. "To ke ki riƙa ci da ita, Madam. Allah zai ba ki lada."

"Har ranar Lahadi, da yardar Allah. Daga nan ni ina Clinton, aikin awa goma sha biyu, ita tana Alexandria, ga kogi ga gada a tsakani. Kai ka fi ni sanin yadda gadar take da rana. Mubinarku ma aiki take yi. Mutum ɗaya ne ke kwana a gidan nan ban da ita."

"A gabana ba za ta ci ba."

"Na sani. Na gani a tebur."

Ya tashi ya koma saman jirgi. In ya fita ba ta ci, in ya zauna ba ta ci. A kan titi in aka rufe hanya biyu akwai ta uku, ko ta bayan makarantu ce. Ya tsaya riƙe da ƙarfe yana kallon farin kumfan da jirgin ke bari a baya, yana lissafin abin da ya rage: kwana biyu a ruwa, mako biyu kafin sikelin likita. Ya tuna duk daren Allah da ya zauna a falo ya share kwanonsa, ya ce Alhamdulillahi da ƙarfi don a ji a kicin, ana amsa masa daga can da kofin shayi a hannu. Bai ji daɗin tunanin ba, bai kuma kore shi ba.

Rana ta shida an shirya tsayawa a wani ƙaramin tsibiri, sai iska ta hana. Saurayin lasifika ya sanar da hakan kamar albishir. Mutane suka yi dogon layi a teburin ƙorafi sanye da kayan wanka, kowa na son a nuna masa wanda ya ba iska izini. Sharifu ya bi ta gefensu ya nemo Raymond, ya ce tire yake so, babba guda ɗaya, ba faranti biyu ba. Raymond bai tambayi dalili ba. Ya ce su ma a ƙauyensu haka ake yi, ya ƙara masa kifi.

A baranda ya ja kujera ɗaya baya ta jingina da ƙofa, ya ajiye ɗan teburin da tiren a gefenta. Tasa kujerar ya tura ta gaba har gwiwarsa na taɓa ƙarfe, fuskarsa ga teku, ya gwada miƙa hannun dama baya ya ga yana kaiwa.

"Innar Mubina, fito ki zauna a baya."

"Wane baya kuma, Malam? Mota ce?"

"Ki dai zauna."

Ya ji ƙarar ƙofa, ya ji kujera ta karɓi nauyin da bai kai wanda ya kamata ba. Ya yi bismilla ya miƙa hannu.

"Wannan kofin ruwa ne," in ji ta.

Ya janye, ya sake miƙawa. Tiren ya matso da kansa ya tari hannun. Ya ɗebo, ya kai baki, ya fara.

"Wancan jirgin kaya ne, ina jin Norfolk za shi. Direbanmu yau a hankali yake tafiya, ya ga iska na bugunsa ta gefe. Haka ake yi. Wata shekara bayan Tanut iska ta same ni da lodin gero, mota tana rawa kamar amarya, na ce wa kaina in ka yi gardama da iska kai za ka sha ƙasa."

Ya ba da labarin tayar da ta fashe, da Buzun da ya ba shi shayi kofi uku, ya gangaro kan gyaran gadar da ba a gama ba tun zuwansa Amurka. A bayansa shiru. Kunnen da ya saba bambanta fasinja mai cin gyaɗa da mai cin biskit bai ji komai ba sai ruwa. Shinkafa na zuba ta tsakanin yatsunsa, tana bin hannun riga.

"Malam, rabi a ƙasa yake ƙarewa."

"Ba na gani."

"To ka juyo mana."

"Direba ba ya waiwaye. Haɗari ne."

Ta yi ɗan tsaki mai kama da dariya. Can sai ta ce, "Tsaya, akwai ƙaya a nan, za ka shaƙe." Ya ji tana ɓare kifin, tana tura masa tsoka gefensa, yadda ta yi wa yara uku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke ɓare wa wani kifi kuwa ba ya rasa lasar yatsa. Sharifu ya koma kan labarin ƙanƙarar da ta rufe gari, ya ja shi, ya ƙara masa kwana ɗaya da bai faru ba. Da ya sake miƙa hannu ya wuce gefensa kaɗan, sai yatsunsa suka faɗa wani rami a jikin shinkafar, can ɗaya ɓangaren, wanda ba shi ya haƙa ba.

Ya ci gaba da labarin ƙanƙara. Sau ɗaya hannuwansu suka haɗu a tsakiyar tire, kowa ya janye kamar ya taɓa tukunya.

"Kifin nan ba gishiri," in ji Rakiya. Muryar ta fito a daƙile, ta gefen baki. Shekara talatin da biyu bai taɓa jin ta haka ba.

"Ga teku nan, ki ɗiba."

Da ya fitar da tiren, da yatsa biyu ya ɗauke shi.

Da yamma suka je zaure don kada a ce sun yi rashin kirki, Rakiya ta sake wa kaza wuri kamar kullum, daga nan aka koma baranda da tire. Katung ya tambaya me Badamagare ke yi a ɗaki da tiren mutum huɗu, Constance ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Rana ta bakwai aka yi sau uku, har da na safe. Rigunan Sharifu biyu suka ɓaci da miya.

A Alexandria kicin ya yi ƙanƙanta, don haka aka koma falo: kujerarsa na fuskantar taga, tata a baya, kwano a kan ɗan benci. Ƙarfe ɗaya saura kwata yakan kashe wayar aiki ko da fasinjan filin jirgi ne ke kira, abin da abokan sana'a suka ɗauka alamar tsufa ce. Bai gyara musu ba.

Ranar komawa asibiti Mubina ta zo da su. Rakiya ta hau sikeli, ta ƙaru da kilo biyu. Likita ya duba takarda, ya duba ta, ya ce ba maganar kwanciya, a dawo bayan wata uku. Don wasa ya ce Sharifu ma ya hau. Kilo huɗu.

"Me ya canza?" in ji likita.

Mubina ta bayyana masa da Turanci mai kyau: hutu, canjin wuri, iskar teku. Likita ya gyaɗa kai, ya ce ya sha ganin haka, ya ba da shawarar a riƙa irin wannan tafiya ko sau ɗaya a shekara. Ya juya ga Rakiya, Mubina ta fassara mata.

"Iskar ce," in ji Rakiya, idonta a ƙasa.

Sharifu ya ce shi ma haka ya gani, iskar tana da kyau ƙwarai. Mubina ta so su tsaya a wani gidan abinci a hanya don murna, su ukun a tebur ɗaya. Ya duba agogo, sha biyu da minti goma. Ya ce a bari sai wani lokaci, an bar shinkafa a kan wuta kaɗan-kaɗan, kuma in ba su kama hanya yanzu ba za su tarar an cushe.